Ƙarfen da Ke Cikin Bargon Inna

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Ni a aji huɗu na bar makaranta, kuma ko a gaban mutum uku aka ce in yi magana, sai muryata ta maƙale. Sannan wanda abin ya faɗa wa ɗan garinmu ne, gidansu da namu katanga ɗaya ta raba. Amma har yau ina ganin 'yan mata suna barin kwalinsu a buɗe yadda na bar nawa, shi ya sa na daure.

Sunana Safura. Shara da goge-goge nake yi a wasu ofisoshi a Al Mirqab, cikin birnin Doha na ƙasar Qatar, shekara uku ke nan. Sau ɗaya a shekara nake aika wa Inna babban kwali ta kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida. A wurinmu idan mutum zai aika kwali, ba nasa ba ne shi kaɗai. Za ka ajiye shi a buɗe kwana biyu ko uku, duk mai ɗan saƙo ya zo ya saka, ya rubuta sunan mai karɓa. Ba a tambayar mutum abin da ke ciki, don ana ganin hakan rashin yarda ne. Masaukinmu na kamfani ba a shigo da baƙi, saboda haka a kicin ɗin Anti Adijatu nake ajiye nawa. Ita 'yar zangon Kumasi ce, tana dafa abincin sayarwa a Umm Salal, kusa da siton Abass mai kago.

Ranar Alhamis da azahar ina goge gilashi, Abass ya kira ni.

"Ajiye abin da kike yi ki zo. Yanzu."

Ko gaisawa bai tsaya mun yi ba.

Na tarar ya sauke ƙofar sito rabi. Kwalina na tsakar ƙasa a buɗe, bargon da na saya wa Inna an warware shi. A tsakiyarsa ga wani farin ƙyalle, an ɗaure bakinsa biyu da koren zare. Gefe ɗaya a kwance, wani baƙin ƙarfe ya leƙo, tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba.

"Na ɗaga bargon na ji nauyin ba na bargo ba ne," in ji Abass. "Na wane ne wannan?"

"Ban sani ba. Mene ne?"

"Bindiga ce."

Na sake dubawa. Ba baki, ba katako, ba abin da ya yi kama da bindigar da na sani.

"Yaya Abass, ai ƙarfe ne kawai."

"Matso ki ga lambar nan da aka buga a jikinsa. Katakon bindiga katako ne, igiyar rataya igiya ce. Amma wannan shi ne tsakiyar, a jikinsa ake haɗa sauran. Mu masu kago an yi mana bayani ba sau ɗaya ba. A wurin hukuma wannan ɗin shi ne bindigar, ko ba harsashi ko ba bututu. Wanda aka same shi da shi, da bindiga aka same shi."

Ya juya kwalin. Ga sunana da lambar katin zamana, da rubutun hannuna mai karkacewa.

"Ba zan ɓoye ba, Safura, ina da iyali. Gobe Juma'a a rufe nake. Asabar ƙarfe bakwai na safe zan kira 'yan sanda. In mai shi ya fito kafin nan, alhamdu lillahi. In bai fito ba, sunan da ke jikin kwali shi zan bayar. Khalas, magana ta ƙare."

Kafin la'asar labari ya zaga. Na shiga kicin ɗin Anti Adijatu, mata biyu da ke gyaran albasa suka yi shiru. Ɗaya ta ce ƙasa-ƙasa, wai masu sunkuyar da kan nan su ne abin tsoro. Na kasa zama. Na tsaya bakin ƙofa, na koma bakin taga, na sake dawowa.

"Za ki huda min ƙasa da zirga-zirga," in ji Anti. "Na kira Ɗanbaba, yana hanya."

Ɗanbaba mai gadi ne a wata gona a nan Umm Salal. Kafin ya zo Qatar, bin sawu ne sana'arsa a ƙasar Gummi. In an kore wa mutum shanu, shi ake kira, ya bi har inda aka kwana da su. Ya haura hamsin, siriri ne, kullum da asuwaki a baki. Ya iso a kan keke, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce babbar dillaliyar makaman? Allah ya ja zamanin hajiya."

Na fashe da kuka.

"To, to, 'yata. Share hawayen, idanunki nake so su yi min aiki."

A sito bai taɓa komai ba. Ya tsuguna, ya kai hanci kusa da ƙyallen. Ya ce ƙyallen wankakke ne, ƙamshin hayaƙin itace ne a jikinsa. Daga nan ya tsaya kan ƙullin da ba a kwance ba. Ya daɗe a kansa har Abass ya fara duba agogo.

"Ɗayan gefen, yanka shi ka yi?"

"A'a. Na zare bakin zaren na ja sau ɗaya, ya warware."

"Uhum."

"Baba, a nan ai ba ƙasa, ba sawu," na ce.

"Sawu ba a ƙafa kaɗai yake ba. Hannu ma yana barin nasa. Faɗa min, su wa suka shiga kicin ba Adijatu a ciki?"

Matan duk a gabanta suka saka nasu. Maza uku ne suka zo lokacin tana kasuwa: Rafiu makanike, Garzali mai aikin sikiriti a Lusail, da Yaya Surajo.

"Wane ne Surajo?"

"Ɗan garinmu ne, direba ne a gidan wani Balarabe. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka. Shi ya koya min hawa jirgin ƙasa. Ƙanensa Auta ne ke karɓar kwalina a Kano ya raba wa kowa nasa."

"Wato kayan su ukun duk ta hannun Auta suke bi."

"E."

"To ba a raba gardama ba. Yalla, mu je wurin mai baƙin hannu."

Mun sami Rafiu a ƙarƙashin mota. Mutumin Ilori ne da ya tashi a Sabon Garin Kano. Ya fito yana huci tun kafin a tambaye shi.

"Na sani! Da an ce ƙarfe sai a ce Rafiu. In cokali ya ɓace a Doha ma Rafiu ne."

"Me ka saka a kwalin?" in ji Ɗanbaba.

"Fulogi takwas da fitilar mota, na ƙanena. Na naɗe da baƙin salatif, na rubuta sunansa manya-manya. Je ka duba."

Ɗanbaba ya zaga garejin yana taunar asuwaki. Komai na wurin da salatif aka ɗaure shi, har hannun buta. Ya karɓi ruwa daga hannun Rafiu, ya nuna min robar. Yatsu huɗu baƙaƙe sun fito a jikinta.

"Wanda ya naɗe farin ƙyallen nan bai bar ko ɗigo ba," ya ce min a hanya. "Amma sabulu ba tsada. Kada ki wanke kowa tukuna."

Bayan magariba Yaya Surajo ya kira ni. Da na ji muryarsa sai na ji kamar Inna ce a kusa.

"Ƙanwata, kada ki tayar da hankalinki. In ta kai ga 'yan sanda, ki ce a kwandon sharar ofis kika tsince shi, kin ɗauka ƙarfen banza ne. Ke mace ce, ba ki yi karatu ba, za su sassauta."

"Yaya, ai ƙarya ce."

"Ƙaryar da za ta fid da ke ce."

Na yi masa godiya. Har da godiya na yi masa.

Juma'a da sassafe muka hau mota zuwa Lusail. Ban karya ba. A hanya Anti Adijatu ta kira. Ta ce maƙwabciyarta ta ga Garzali ya shiga kicin sau biyu, na biyun yana waige-waige. Garzali ne kullum ke ba da labarin wai ya yi aikin soja, wai ya san kowace irin bindiga ido rufe.

Mun same shi a ƙofar wani dogon bene, cikin yunifom, yana gyara hula a gilashi.

"Baba mai sawu! An ce kana neman ɗan ta'adda."

"Ina neman masani ne. Duba min wannan."

Ya miƙa masa hoton ƙarfen a waya. Garzali ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan ai... na injin ɗinki ne ko?"

"Soja ke nan. Me ya mayar da kai kicin sau biyu?"

Garzali ya dube ni, ya dubi takalminsa.

"A gaban yarinya, Baba?"

"Yarinyar ce za a ɗaure."

Ashe turare ya saka wa wata budurwarsa a Gusau. Washegari aka turo masa katin bikinta da wani. Shi ne ya lallaɓa ya ɗauke turarensa. Ya ciro kwalbar daga aljihu ya nuna mana, har ya fesa rabi.

"Kuma maganar soja, kada ta wuce nan. Gadin banki na yi."

Muka koma mota. Saura ƙasa da kwana guda, ga shi mun dawo inda muka fara.

"Baba, ko dai in faɗi yadda Yaya Surajo ya ce?"

"Me ya ce?"

Na faɗa masa. Ya cire asuwakin daga baki.

"Shi Surajon, tuƙi kaɗai yake wa kafil ɗinsa, Balaraben da yake zaune a ƙarƙashinsa?"

"Lokacin sanyi suna fita daji, su yi sati biyu. Ban san me suke yi ba."

Ya mayar da asuwakin baki. Da muka iso Umm Salal ya ce in gaya wa Anti ta tara kowa bayan an sauko daga sallar Juma'a, shi zai leƙa gona.

Ranar Juma'a dama kowa a wurin Anti Adijatu yake cin wake da shinkafa irin na Kumasi. Ran nan tsakar gidan ta cika fiye da kullum, amma ba hira. Rafiu ya zauna can gefe, fuska a murtuke. Garzali yana ci ba ya ɗaga kai. Abass na tsaye jikin bango. Yaya Surajo ya zauna kusa da ni, ya turo min ruwa.

Sai ga Ɗanbaba da wani jan zakara a hammata, an ɗaura masa igiya a ƙafa ɗaya.

"Adijatu, ga tukuicin abincin da nake ci kyauta. Garzali, soja, ɗaure min shi a ƙafar bencin nan in wanke hannu."

Garzali ya karɓa. Yana sunkuyawa zakaran ya buga masa fiffike a fuska, ya ƙwace, ya haye tukunyar miya. Anti ta yi ihu. Aka bi shi da gudu, dariya ta ɓarke duk da halin da ake ciki. Rafiu ya cafke shi, ya matse shi tsakanin gwiwoyi, yana kokawa da igiyar da hannu biyu yana zagin zakaran da Yarbanci.

"Kai, ba haka ake riƙe tsuntsu ba," in ji Yaya Surajo yana dariya. "Kawo."

Ya ɗora zakaran a hannunsa na hagu, ya riƙe ƙafafun a tsakanin yatsu. Zakaran ya yi luf. Da hannun dama kaɗai ya zagaya igiyar a ƙafar benci, yatsunsa suka yi wani juyi, ya ja, ya soke bakin igiyar. Ko dubawa bai yi ba.

Ɗanbaba ya tsuguna a gaban bencin.

"Abass, zo ka kwance wannan."

Abass ya zare bakin igiyar, ya ja sau ɗaya. Ta warware. Ya ɗago a hankali, ya dubi Yaya Surajo.

"Ni ban taɓa ganin wannan ƙulli a ƙasar Hausa ba," in ji Ɗanbaba. "A nan na gan shi, a gonar da nake gadi. Masu farauta da shaho ne ke yin sa. Tsuntsu na hannun hagu, dole dama ta yi ƙulli ita kaɗai. Wanda ya saba, ko hannunsa biyu a sake suke, haka zai ƙulla. Shi ne a bakin farin ƙyallen. Surajo, wa ke riƙe wa kafil ɗinka shaho in kun fita daji?"

Zakaran ya sauka ya tafi abinsa, ba wanda ya bi shi.

"Ba bindiga ba ce," in ji Yaya Surajo. Muryarsa ta canza. "Wallahi ba bindiga ba ce. Tsohuwa ce da ta lalace, tana jibge a siton sansanin farauta shekara biyu. Ban ɗauki bututu ba, ban ɗauki harsashi ko ɗaya ba. Wannan guntun kaɗai na cire."

"Guntun da ke da lamba," in ji Abass. "Lambar da ke rubuce a takardar kafil ɗinka. Shi ne bindigar, Surajo."

"A takarda! Ku da kuke zaune a nan kuna cin shinkafa, kun san abin da ake ciki a garinmu? Sau uku ɓarayin daji suna shigowa bana. Sun harbe ɗan yayata a gona. Maƙerinmu ya ce komai zai iya ƙerawa ban da wannan guntun. Me zan yi, in aika musu da turare?"

Garzali ya ajiye cokali. Duk wanda ya fito daga wajenmu ya san ba ƙarya ya yi ba.

"To me ya hana ka aika da sunanka?" in ji Anti Adijatu.

Yaya Surajo ya kau da kai.

"Ni zan faɗa," in ji Ɗanbaba. "A cikinmu duka, ita kaɗai ce ba za ta taɓa cewa a buɗe ba."

Yaya Surajo ya juyo gare ni. Idanunsa sun yi ja.

"Safura, Innarki ma a garin take kwana. Don ita na yi, kamar yadda na yi don tawa. Ki faɗi maganar kwandon shara. Ke in ta yi tsanani gida za a mayar da ke. Ni sata ce da makami, ga 'ya'ya huɗu. Ƙanwata, ki dube ni."

Kowa ya zuba min ido. Ban taɓa jin nauyi irin na lokacin ba. Na tuna ranar da na sauka, ina rawar sanyi a filin jirgi, ya cire rigarsa ta sama ya ba ni. Na tuna maganin hawan jinin Inna, wanda aikin nan nawa ne ke kai shi gida kowane wata. Na tuna godiyar da na yi masa jiya.

"A'a, Yaya."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Da ka tambaye ni, da na ce ina tsoro, da ka nemi wata hanya. Ba ka tambaye ni ba. A bargon Inna ka saka."

Ban san muryata na iya kaiwa ƙarshen tsakar gida ba sai ranar.

Yaya Surajo ya sunkuyar da kai. Ɗanbaba ya matsa kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa.

"Wanda ya kai kansa da wanda aka je aka ɗauko ba ɗaya ba ne a wurinsu. Tashi, ni zan raka ka."

Yaya Surajo ya tashi. Da zai wuce ya ciro makullin motar kafil ɗinsa, ya miƙa wa Rafiu ya ce ya mayar. Bai sake dubana ba.

Abass bai jira Asabar ba. Kafin la'asar muna ofishin 'yan sanda mu huɗu. An kawo mai fassara, na faɗi abin da na sani, Yaya Surajo ya faɗi nasa bai rage komai ba. Suka riƙe shi, suka riƙe kwalin da bargon Inna. Ni suka ce in sa hannu in tafi, in an neme ni in zo. Abin da ya biyo baya tsakaninsa da hukuma nasa ne da iyalinsa, ba zan rubuta ba.

Washegari da safe na sayi sabon kwali a wurin Abass, na ɗauko shi a ka zuwa kicin ɗin Anti Adijatu. Na rubuta sunana a jiki. Ina cikin rubutun Anti ta fito daga ɗaki da wani ƙunshi a leda, saƙon wata ƙawarta da ke aure a Kano. Ta miƙa hannu za ta jefa a ciki yadda aka saba.

Na riƙe bakin kwalin.

"Anti, buɗe in gani."

Ta tsaya, ta dube ni, hannu a ƙugu.

"Ni? Ni da na kira miki Ɗanbaba?"

Kunya ta kusa kashe ni, amma ban saki kwalin ba. Ta yi tsaki, ta zauna a kan benci, ta fara kwance ledar. Mayafi biyu ne da man shafawa. Na ɗaga kowanne na girgiza, na ninke, na saka da hannuna.